Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Kamfanoni Da Makarantu Da Asibitoci Masu Zaman Kansu A Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, Alhazai da Hajiyoyi, iyayen gidanmu. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, iyali da harkoki duk suna lafiya. Allah Ya ƙara buɗi, Ya zaunar mana da jiharmu lafiya.

Ni akanta ne. Na yi aiki a wurare masu zaman kansu a cikin birnin Katsina, daga makaranta zuwa kamfanin casar shinkafa, kuma duk inda na zauna, ta teburina takardar albashi take bi. Saboda haka na san abin da ke shiga hannun ma'aikaci a ƙarshen wata, na kuma san nauyin da ke wuyan mai wuri. Ina rubuta wannan wasiƙa da yawun mutanen da ba su saba tsayawa a gabanku su yi magana ba: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, masu ba da mai, kashiyoyi, masu kula da injuna, direbobi, masu gadi da masu shara. Yawancinmu ba mu da ƙungiya. A majalisa muke amayar da abin da ke cikinmu bayan an tashi aiki, kuma maganar majalisa ba ta isowa gare ku sai an riga an murɗe ta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne matakin da wurare da dama suka ɗauka a 'yan kwanakin nan. An girka na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, an kafa kyamarori, an kuma sanar cewa duk wanda ya makara za a yanke masa albashi. Ba mu ƙi a kama makara ba. Mai makara abokan aikinsa yake fara cuta kafin ya cuci mai wuri. Abin da ya yi mana zafi shi ne, a wasu daga cikin waɗannan wuraren albashin kansa ba ya zuwa sai goma ko sha biyar ga wata mai kamawa, kuma ba wanda zai fito ya ce ga dalili. Malamin da ke zaune bayan Ƙofar Guga, makarantarsa tana can wajen Ƙofar Ƙaura, idan wata ya yi nisa ba alat, da ƙafa zai taho, domin ba shi da na acaɓa. Ya iso a makare, na'ura ta rubuta, a yanke masa daga kuɗin da ba a ma ba shi ba. Kun sayi kayan aiki na zamani, ranku ya daɗe, amma yadda ake jan ragamar mutane a wuraren nan yana nan inda yake, kuma a kan wannan nake so mu yi magana.

Na san ku ma ba a kwance kuke ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, komai ya tashi, har hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa. Na ga abin da man dizal ke ci a wata. Na ga iyayen yara suna riƙe kuɗin makaranta har zango ya ƙare, na ga 'yan kasuwa sun ɗauki kaya bashi sun yi shiru, ga matsalar tsaro da ta hana wasu manoma kawo amfanin gona. Duk wanda ya buɗe wuri ya ɗauki 'ya'yan mutane aiki a wannan hali, ya cancanci godiya, kuma muna yi. Yawancin abin da zan roƙa a nan ba kuɗi zai ci ba.

Maganar albashi ita ce gaba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda, ta kuma hana a ci ma'aikaci tara daga albashinsa yadda aka ga dama. Ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce za a cire masa. Amma ku je gidan mai ku tambaya. Mita ta nuna giɓi, ba a duba ko famfo ne ke da matsala ba, ba a duba ko tun daga tanka aka sauke man bai cika ba, sai a raba giɓin a kan yaran da ke bakin famfo. Yaron da aka yi wa haka sau biyu, a karo na uku zai nemi hanyar da zai cike tun kafin a zo kansa, kuma daga aljihun mai sayen mai zai cike. Da hannunku kuka koya masa abin da kuke tsoro. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 tun Yulin 2024, kuma dokar ta hau kan duk wurin da ke da ma'aikata 25 zuwa sama. Akwai makarantu a garin nan da malamansu sun haura wannan adadi, amma mai digiri a cikinsu bai kai rabin wannan kuɗi ba. Wanda ba zai iya kaiwa yanzu ba, ya tara ma'aikatansa ya buɗe musu lissafi, ya faɗa musu lokacin da yake sa ran kaiwa. Mutum yana iya haƙuri da ƙarancin da aka yi masa bayaninsa.

Sai takardar ɗaukar aiki. Mutane da yawa an ɗauke su ne da baki: "Ka zo gobe ka fara, za mu duba abin da za a riƙa ba ka." Shekara ta zagayo, bai san ranar hutunsa ba, bai san iyakar aikinsa ba. An ɗauke shi direba, yau shi ne ɗan aiken cefanen gida, gobe shi ne mai lodi. Doka ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba shi takarda mai ɗauke da irin aikinsa, albashinsa, lokutan aikinsa da hutunsa. Ta ba shi hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa bayan wata 12. Ta kuma tsara wa'adin sallama: mako guda ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga mai shekara biyu zuwa biyar, wata guda ga wanda ya kai shekara biyar. Wannan kariyar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis. Ƙwararru da masu muƙami, abin da ke cikin takardarsu shi ne madogararsu, to ina wanda ba shi da takardar ma? Na ga magidancin da ya tsufa a bakin aiki an sallame shi da saƙon WhatsApp bayan sallar isha'i. Washegari ya zo kwasar kayansa, maigadi ya tare shi a ƙofa yana sunkuyar da kai don kunya, domin shi ne ya kawo maigadin aikin. Duk wanda ke wurin ya gani, kuma kowa ya yi lissafin tasa ranar.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin shi ne ke cinye dukiyarku ba ku sani ba. A wurarenmu da yawa, amsar kowace tambaya ɗaya ce: sai Alhaji ya zo. An naɗa manaja, an ba shi ofis da kujera, amma ba zai iya sa hannu a kan sayen rim ɗin takarda ba.

A wani kamfanin shinkafa da na yi aiki, bel ɗin injin busarwa ya tsinke da hantsi. Shanshera tana cikin tankuna an jiƙa ta, wata an riga an turara tana jiran busarwa. Kuɗin bel bai kai kuɗin buhu guda na shinkafa ba, kuma akwai shi a kasuwa. Mai wurin ya tafi Umra, wayarsa a kashe, kuma shi kaɗai ke da ikon fitar da kuɗi. Manaja yana ta zarya tsakanin ofis da bakin inji, ya kira, ya sake kira, ya tura saƙo. Mai kula da injin ya ce zai saya da kuɗinsa, aka tuna masa cewa wanda ya taɓa yin haka ba a mayar masa ba, har cewa aka yi wa ya aike shi. Leburori suka zauna a kan buhuna a inuwa suna kallon tankunan. Kafin izini ya iso shinkafar ta fara tsami, warin yana dukan mutum tun daga bakin get. Da aka casa ta yi duhu, ta kakkarye, aka sayar da ita a wulaƙance. Da mai wurin ya dawo, manajan aka yi wa faɗa.

Na fahimci inda tsoronku ya samo asali. An sha cin amanarku, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Amma riƙe komai a hannu ɗaya bai taɓa hana sata ba, aiki kawai yake tsayarwa. Abin da ke hana sata sananne ne a duk inda ake gudanar da kamfani bisa tsari. A yanka wa kowane muƙami iyakar abin da zai iya kashewa ba tare da ya nemi izini ba. Wanda ya nemi a sayi kaya daban, wanda ya amince daban, wanda ya karɓa ya shigar sito daban. Kowane kashe kuɗi da rasit. A ƙirga kayan sito lokaci zuwa lokaci ba tare da sanarwa ba, a kuma kawo odita daga waje sau ɗaya a shekara. Da wannan, mai wuri zai iya yin wata guda a Makka hankalinsa kwance, ya dawo ya buɗe littafi ya ga inda kowace naira ta shiga.

Wannan rashin sakin ragama yana tafiya da wata cuta, wato rashin jin ta bakin na ƙasa. Shehu Magili, wanda ya zauna a Katsina da Kano a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta nanata wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a cikin nasiharsa cewa tushen kowace ɓarna shi ne shugaba ya shige bayan shamaki, jama'arsa ba sa iya kaiwa gare shi. Shamakin yau ofis ne mai sanyi a saman bene, da wasu mutum biyu ko uku da suka zama kunnen mai gida. Abin da suka kai shi ne gaskiya. Sauran ma'aikata kuwa sun gane cewa wanda ya kawo labarin matsala shi ake ɗora wa matsalar, don haka kowa ya ja bakinsa. Malama ta ga rufin aji yana yoyo, ta yi shiru. Direba ya ji birki ya fara sanyi, ya ce bari a kai mako mai zuwa.

Motocin Toyota da muke yabo da ƙarko, a masana'antarsu ƙaramin ma'aikaci yana da ikon jan igiyar da za ta kira shugabansa, har ta kai ga tsayar da layin haɗa mota, idan ya ga kuskure. Sun lissafa sun ga tsayawar minti kaɗan ta fi arha a kan mota dubu su fita da aibi. A Amurka kuma, wata mai bincike mai suna Amy Edmondson ta duba rukunin ma'aikatan asibiti, ta tarar waɗanda suka fi samun shugabanci nagari su ne suka fi kawo rahoton kuskuren ba da magani, saboda ba sa tsoron faɗa. Masu asibitoci, don Allah ku tsaya a kan wannan. Ma'aikaciyar jinya da ta yi kuskuren allura, in ta san kora ce ke jiranta, ɓoyewa za ta yi, kuma majinyaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Mu da Alƙur'ani ya siffanta muminai da cewa al'amarinsu shawara ne a tsakaninsu, bai kamata a riga mu wannan ba.

Ba na ce kada ku ɗauki 'yan uwanku aiki ba. Zumunci wajibi ne. Amma idan aka ɗora ɗan ƙanin mai gida a kan wanda ya fi shi sanin aikin nesa ba kusa ba, ya zo lokacin da ya ga dama, ya ɗebi kuɗi a durowa ya ce a rubuta, babu mai iya tanka masa, to an gaya wa kowa cewa ƙwazo ba ya kai mutum ko'ina a wannan wuri. Hadisi ya gargaɗe mu a kan damƙa al'amari ga wanda ba ahalinsa ba. Ɗan uwa ya shigo ta ƙofar da kowa ya shigo, dokar da ta hau kowa ta hau shi. Haka nan tsawa a bainar jama'a. Shugaban makaranta da aka ci wa mutunci a gaban ɗalibai, da wane ido zai tsawata musu gobe? A wannan gari namu ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aiko wa Sarki Ummarun Dallaje da littafin Usulus Siyasa, kuma cikin abin da ya hore shi da shi akwai sauƙin hali ga waɗanda yake shugabanta da kula da masu sana'a.

Duk shekara Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Al-Qalam, Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman suna yaye matasa masu kaifin basira. Ku kuke fara ɗaukar su, a wurinku suke goge, da zarar sun iya sai Kano ko Abuja ta ɗauke, ma'aikatan jinya kuwa har Saudiyya da Ingila. Nakan ji wasunku suna cewa ba amfanin horar da yaro tunda tafiya zai yi. Waɗanda na yi sallama da su, kuɗi kaɗai bai kore su ba. Sun duba gaba ba su ga matakin da za su taka ba, kuma babu ranar da wani ya zaunar da su ya ce nan ka yi kyau, nan ka gyara. Mata kuma nasu ya fi tsanani. Doka ta ba mai juna biyu hutun mako 12, da aƙalla rabin albashinta in ta yi wata shida tana aiki, amma malamai mata nawa ne suka je haihuwa suka dawo suka tarar an ba wata ajinsu?

Akwai kuma ranar tsufa da ranar tsautsayi. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa wurin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci ya zuba kashi 8, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce a riƙa biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashi ga hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, wato NSITF, domin wanda ya ji rauni a bakin aiki ya sami magani da diyya. Inda ba a yi wannan ba, yaron da inji ya cinye wa yatsu abin da yake samu shi ne kuɗin ɗinki da "Allah Ya kiyaye gaba". Mafi muni shi ne a cire kason ma'aikaci a takarda a ƙi zuba masa. Wannan cin amana ne, ba shi da wani suna.

Abu na gaba yana da nauyin faɗa, amma ku iyayenmu ne, kuma mutuwa tana kan kowa. Kowa a garin nan zai iya nuna muku shago ko masana'anta da ta bunƙasa, mai ita ya rasu, shekara ba ta zagayo ba aka sa kwaɗo. Lissafin yana kansa, masu bashi shi kaɗai ya san su, asusun kamfani da aljihunsa ɗaya ne, magada ba wanda aka taɓa nuna wa aikin. Aka sayar da injuna aka raba gado, magidanta da yawa suka koma zaman majalisa. Alhaji Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, amma kasuwancin gidansa ya ci gaba a hannun 'ya'yansa domin ya sa su cikin harkar tun yana raye. Yau hanyar ta fi sauƙi. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya yi wa ƙaramin kamfani rajista. Idan wuri yana da rajista da hannun jari, magada za su iya raba hannun jarin yadda shari'a ta tsara, injuna kuma su ci gaba da juyawa.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe. Ku tsayar da ranar biyan albashi, ku rubuta ta, ku manna a inda kowa zai gani, kuma duk watan da za a saɓa a sanar da mu tun da wuri. A dakatar da yankan albashin makara a duk inda albashi bai daidaita ba, in ya daidaita a kawo dokar a rubuce, kowa ya sa hannu, ta hau kan manaja kamar yadda ta hau kan mai shara. Duk wanda ke aiki ba takarda a ba shi takardarsa kafin wata uku. Kada a sake cire wa kowa giɓi sai an bincika an ji ta bakinsa, kada kuma a sallami mutum sai an kira shi an zauna da shi ido da ido, an ba shi wa'adinsa da haƙƙinsa.

Ku ba manajojinku iko na gaske mai iyaka a rubuce, ku ware kuɗin gaggawa na gyaran inji da sayen magani, sannan ku bi su da bincike yadda kuke so. Ku raba asusun kamfani da na gida, ku yanka wa kanku albashi kamar kowa. Wuraren da suka kai adadin da doka ta faɗa su yi rajistar fansho da ta diyya, a kuma bar ma'aikaci ya ga shaidar abin da aka zuba masa. Ƙungiyoyinku na masu makarantu, masu asibitoci da masu gidajen mai za su iya fitar da samfurin takardar ɗaukar aiki guda da Hausa da Turanci, su raba wa mambobinsu, su kuma gayyato masana harkar gudanarwa daga jami'o'inmu su horar da manajoji, tunda da yawansu an ɗora su a kujera ne ba a taɓa koya musu yadda ake riƙe mutane ba.

Roƙo na ƙarshe kowannenku zai iya cika shi a wannan watan. Ku ware awa guda ku zauna da ƙananan ma'aikatanku, ba manaja a wurin, ba ɗan uwa. Ku ba su amana cewa ba wanda zai rasa aikinsa saboda abin da ya faɗa, ku tambaye su abin da ke hana aiki tafiya, ku rubuta da hannunku, sannan ku sa ranar da za ku dawo musu da amsa.

Allah Ya ja zamaninku, Ya sa albarka a dukiyarku. Wassalamu alaikum.

Naku mai biyayya,
Wani akanta, a madadin abokan aikinsa,
Katsina.